Daga Samonda zuwa Alakia: Filin Jirgin Ibadan da Hanyarmu ta Gida

In ka shiga tasi a Mokola za ka Jami'ar Ibadan, da kun wuce Sango kaɗan za ka ji wani fasinja ya ce a sauke shi Samonda. Yau abin da ke wurin gidaje ne na masu hali da wani katafaren kanti. Yaranmu na Sabo da ke zuwa can yawon sallah, da wuya ka sami ɗaya cikin goma da ya san cewa ƙasar da yake takawa titin jirgin sama ce a da. Abin da ya rage shaida shi ne sunan rukunin gidajen, wanda har yanzu ake kira Aerodrome.

Mu da muka taso a shekarun 1970 mun san wurin da idonmu. Ranar Alhamis da Juma'a, da babu makarantar allo, mukan yi gayya mu taka da ƙafa daga Sabo, mu je mu maƙale a jikin waya muna jiran jirgi. Wani lokaci a yi awa biyu ba a ga komai ba sai ciyawa da shaho. In an yi sa'a sai ga mai farfela ya sauko, ƙararsa ta cika kunne, a turo masa tsani, mutane su fito ɗaya bayan ɗaya, masu kwat da masu agbada. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai da na girma shi ne, a duk zuwan da muka yi, ban tuna ranar da muka ga wani dattijon unguwarmu ya sauko daga tsanin nan ba. Ga fili a bayan gida, ana jin tashin jirgi daga masallaci, amma ba hanyarmu ba ce.

Dalilin yana cikin sana'ar da ta kafa unguwar. An keɓe Sabo ga Hausawa a 1916, shekaru kaɗan bayan da layin dogo, wanda ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Goro ya hau, shanu su sauko: a kan wannan aka gina gidajen masu gida, da ɗakunan baƙi, da dillalai masu cin la'ada. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna da kakanninmu a 1962 da 1963 ya rubuta littafi a kansu, ya nuna yadda cinikin ya rataya a kan amana da saurin labari, don goro ba ya jira, in ya kwana biyu ba kula sai ya lalace. To amma saurin da ake bukata na labari ne, shi kuwa wayar tangaraho da bakin direban lori sun isar. Huhun goro ba kayan jirgin sama ba ne, balle sa. Mai kaya kuma yana son ya bi kayansa. Saboda haka tashar jirgin ƙasa ta Dugbe da tashar lori su ne ƙofofinmu, ta Oyo, Ogbomoso, Ilori, a haye gadar Jabba, a kama Makwa.

Wani abin mamaki, ta Arewa jirgin sama ya fara shigo ƙasar nan. A watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, aka kafa kamfanin jirage na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, wanda ya riƙa haɗa manyan garuruwa, har da Ibadan hedikwatar Jihar Yamma. A 1958 Nijeriya ta kafa nata, Nigeria Airways. Ministan da ke riƙe da sadarwa da harkar jiragen sama a lokacin shi ne Samuel Ladoke Akintola, mutumin Ogbomoso da ya yi ƙuruciyarsa a Minna, ya kuma iya Hausa kamar jakin Kano. Ku riƙe sunan, za mu dawo kansa.

Ga yawancin iyayenmu, ranar da suka fara shiga jirgin sama ita ce ranar tafiya Makka. Da kuɗin man fetur ya shigo, aikin hajji ya buɗe ƙwarai, har a 1977 alhazan Nijeriya suka haura dubu ɗari. Sai dai ba daga Samonda ake tashi ba, filin ya yi wa jirgin Jidda kaɗan. Ko dai a tafi Ikeja, ko mutum ya koma Kano ya bi ayarin garinsu. Na tuna rakiya: a cika mota da alhaji da 'yan rakiya da kwanon dambu da tabarmi, a je Ikko a shimfiɗa a sansani, kwana biyu, kwana huɗu, ana jiran a kira suna. Dattawa kuma ba su manta da 22 ga Janairu 1973 ba, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zai sauka Legas aka karkatar da shi Kano, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. An daɗe bayan nan tsofaffi mata in an ambaci jirgi sai sun yi salati.

Gari ya ci gaba da faɗaɗa har ya kewaye Samonda, ba wurin ƙara tsawon titi. Sai aka koma gabas, Alakia, a kan hanyar Ife. A watan Yuni 1982, zamanin Shehu Shagari, Bola Ige yana gwamnan Oyo, shugaban majalisar dattawa Joseph Wayas ya buɗe sabon filin, mai titi mita 2,400. Fili ne mai kyau a ma'aunin zamaninsa. Amma ya zo a makare. Tun 1978 aka buɗe babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, wajen kilomita 130, kuma a lokacin sabuwa ce fil, mota na shanye ta cikin awa ɗaya da rabi. Wa zai bar Dugbe ya tafi Alakia ya zauna jiran jirgin da zai kai shi Ikeja, alhali kafin a kira fasinja mai mota ya isa? A shekarar kuma farashin mai ya karye, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, 1986 aka karya darajar naira. Nigeria Airways ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 2003.

Abin da ya hana filin mutuwa shi ne Abuja. Da gwamnatin tarayya ta koma can a Disamba 1991, sai ɗan siyasa da ɗan kwangila da malamin jami'a suka sami dalilin hawa jirgi daga Ibadan, kuma ƙananan kamfanoni irin su Overland suka riƙe wannan layi shekara da shekaru. Mu ma a nan muka fara leƙawa, musamman 'yan canji da masu harka da ma'aikatu.

Wanda bai san Alakia ta wancan lokaci ba, bari in kwatanta masa. Ka tashi daga Sabo, ka bi Total Garden, ka kutsa cunkoson Agodi Gate, ka kama tsohuwar hanyar Ife mai ramuka. Da ka karya kwana ka shiga harabar filin sai ka ji tsit, kamar makaranta ranar hutu. Jirgi ɗaya ko biyu ne a yini. Ma'aikata sun san fasinjoji da fuska, in ka makara minti biyar wani zai iya leƙowa ya ce Alhaji yi sauri. Ba dogon layi, ba turereniya irin ta Legas, kuma wallahi akwai daɗi a cikin wannan. Tikiti na takarda ne, a ofishin wakili ake saye a cikin gari. Illar kuwa, in jirgin nan guda bai zo ba, shi ke nan, ba na biyu. Ga shi fili ne na rana, in duhu ya yi an rufe harka. In hazon hunturu ya sauko, sai addu'a.

Ni kaina na ɗanɗana. Wata shekara da asuba aka bugo mini waya daga Kano cewa yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni ina yaro, ya cika. Na roƙi a jinkirta jana'iza zuwa la'asar, aka ce to. Lissafina shi ne in kama jirgin safe zuwa Abuja, daga can in sami na Kano. Na isa Alakia kafin bakwai. Kamfanin da na sayi tikitinsa ya ce jirgi na nan tafe. Tara ta yi, sha ɗaya ta yi. Muka yi azahar a gefen wurin ajiye motoci, ni da wani Bayarabe ɗan Iwo da ya ara mini buta. Wajen ƙarfe biyu aka ce an soke tashi, a dawo gobe. Ina zaune a kan jakata aka bugo aka ce an sallace shi, ana hanyar maƙabarta. Daren nan na hau doguwar bas, na isa washegari da rana, na tarar da zaman makoki. Kowa a Sabo da Sasa yana da irin wannan labari, nasa ko na maƙwabcinsa, don gawa a wurinmu ba ta kwana jiran kowa, tsakaninmu da gida kuma ya haura kilomita 800.

Gyara ya zo da kaɗan-kaɗan. Na farko ma ba a filin aka yi shi ba, a aljihunmu ne: yanzu ɗanka zai saya maka tikiti ta waya yana zaune a shago, in an ɗage tashi saƙo ya same ka kafin ka bar gida, ko da yake ba kullum ba. Bincike ya ƙaru, sai da katin shaida, a cire hula a cire agogo, turaren da ka sayo wa Hajiya in kwalbar ta yi girma a ce ba za ta shiga hannu ba. Daga 2019 gwamnatin Seyi Makinde ta sa hannu, duk da filin na tarayya ne a ƙarƙashin hukumar FAAN. Aka mai da hanyar shiga tagwaye, aka gina rumbun man jirgi mai cin lita 500,000. Wannan na biyun fasinja ba ya ganinsa, amma ya fi fenti da kujera amfani, domin jirgin da ba zai sami mai a wuri ba dole ya ɗauko na dawowa tun daga inda ya taso, nauyin man kuma kujerun fasinja yake ci.

A 2023 aka sa wa filin sunan Samuel Ladoke Akintola. Na ji wasu matasa na cewa ina ruwanmu. Da ruwanmu mana. Shi ne Firimiyan Yamma da ya ƙulla ƙawance da Sardauna a zaɓen 1964, ya je Kaduna ya gan shi ranar 14 ga Janairu 1966, ya dawo Ibadan, kafin wayewar gari aka kashe su duka biyu, kowa a gidansa. In akwai ɗan siyasar Yamma da fuskarsa ke kallon Arewa, shi ne. A watan Nuwamban shekarar da aka sa sunan, wani ƙaramin jirgi ɗauke da ministan lantarki Adebayo Adelabu ya yi mummunar sauka a filin bayan magariba. Ba a rasa rai ba, amma maganar fitilu da na'urorin sauka ta fito fili.

A Satumba 2024 aka ƙaddamar da babban aiki na naira biliyan 41, don mai da filin na ƙasa da ƙasa: titi daga mita 2,400 zuwa 3,000, faɗinsa daga 45 zuwa 60, da fitilun sauka da dare, da sabon zauren fasinjoji. A Maris 2025 aka rufe filin don aikin. Watannin nan mai zuwa Abuja sai ya koma gidan jiya, ya bi mota ko ya hau jirgin ƙasa daga Moniya zuwa Legas, ko ya haura Ilori. A ƙarshen Satumba, makon naɗin Olubadan Rashidi Ladoja, aka sake ganin jirgi ya sauka a sabon titin, har da na shugaban ƙasa da ya zo bikin.

Mita 600 ɗin da aka ƙara ba ado ba ne. Babban jirgi da ya cika da mutane da kaya da man tafiyar awa biyar ko shida yana bukatar doguwar tsere kafin ya ɗaga, musamman da zafin rana. Su ne bambancin filin da zai kai ka Abuja da wanda zai kai ka Jidda. Fitilu kuma su ne bambancin "a dawo gobe" da "a jira zuwa isha". Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ban ga dalilin rage masa daraja ba.

Amma in ka tambaye ni a matsayina na ɗan Sabo, titi da fitila rabin magana ne. Tun daga Samonda har Alakia, jirgin Ibadan Legas yake kallo, daga baya Abuja. Mai zuwa Kano ko Sakkwato ko Katsina yawanci sai ya ratsa ta Abuja, kuɗi ya ninka, ga fargabar kada na farko ya makara na biyu ya tashi. Shi ya sa har gobe ɗan albasa da ɗan tumatir da mai shanun Akinyele suke bin bas ɗin dare ko gaban tirela, a hanyar da kowa ya san halinta. Kamfanin jirgi ba ya buɗe layi don zumunci, sai ya ga lissafi. Lissafin kuwa yana hannunmu, a tashoshin mota da wurin shugabannin kasuwa, waɗanda suka san mutum nawa ke haurawa Arewa kowane mako. Ko jirgi biyu a mako kai tsaye zuwa Kano da ya canza abubuwa da yawa, kuma ina ganin lokacin da sarakunanmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su kai wannan magana gaban kamfanoni da gwamnatin jiha shi ne yanzu, da ake neman jiragen da za su cika sabon fili.

Sai maganar alhazai. Sansaninsu na Olodo yana gefen gabas na gari, ɓangare ɗaya da Alakia, tafiyar 'yan mintuna in hanya ta yi kyau. Shekara da shekaru ana loda tsofaffi a bas daga nan, a ratsa Iwo Road, a bar filin jirgi a baya, a kama hanyar Legas. Mahaifiyata da ta je, ƙafafunta sun kumbura tun kafin ta ga jirgin da ido, kuma abin da ta fi ba da labari da ta dawo, bayan Ka'aba da Rauda, shi ne daren da suka kwana zaune a Ikeja.