Yadda ake shirin intabiyun aikin injiniyan manhaja a kamfanin tafiye-tafiye

Unguwar Lugbe tana kan babbar hanyar da ke zuwa filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe a Abuja. Yawancin matafiyan da ke bi ta nan kullum, ta intanet aka yanka musu tikiti, a kan manhajojin da injiniyoyi ke ginawa. Kamfanoni irin su Wakanow, da aka kafa a Legas a 2008, da Hotels.ng da Travelstart, duk da irin wannan aiki suka dogara.

Intabiyun yakan kasu mataki uku: gwajin rubuta manhaja cikin ƙayyadadden lokaci, da tambaya kan yadda za a tsara babbar manhaja, sai hira kan hali da aiki cikin jama'a. Don matakin farko, ya kamata mai nema ya ƙware a harshe ɗaya, kamar Python ko Java, ya iya SQL, ya kuma saba bayyana tunaninsa a fili yayin warware matsala.

A mataki na biyu ake gane wanda ya fahimci sana'ar. Ana iya tambaya: idan kujera ɗaya ta rage a jirgin Kano zuwa Jidda lokacin Umara, mutum biyu suka danna a tare, wa zai samu? Idan intanet ta yanke ana tsakiyar biya, yaya za a hana cire wa mutum kuɗi sau biyu? Akwai kuma bambancin lokaci, domin Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa 2, kuma kuskure a nan yana iya sa matafiyi ya rasa jirgi.

Yana da kyau a san Amadeus da Sabre da Travelport, manyan rumbunan da dillalai ke samun bayanan kujeru da farashi daga gare su, da alamomin filayen jirgi kamar ABV da KAN da LOS. Haka nan Dokar Kare Bayanai ta 2023, tunda kamfanin yana riƙe da lambobin fasfo da bayanan biyan kuɗi.

Wanda bai taɓa aiki ba zai iya gina ƙaramar manhajar ajiye kujera ya ɗora a GitHub, don ya sami abin nunawa. Shirin 3MTT, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, yana ba da horon gina manhaja. Idan kuwa ta bidiyo za a gana, a tanadi caji da layin intanet na biyu tun kafin ranar.