Sabon launi a garke: yaya ake tabbatar da cewa ana gadonsa?

Jama'a, akan haifi ɗan akuya ko ɗan tunkiya mai launin da ba a saba gani ba, sai a kai shi kasuwar Badagishiri ko ta Ƙonni a ce sabon iri ne, a tsawwala kuɗi. Wani sa'in ma ƴan uwanmu na waje ne ke aiko da kuɗin a saya musu. To, launin dabba ɗaya ba shaida ba ne. Sai an ga abin da ta haifa, da abin da ƴaƴanta suka haifa.

Yadda gado yake tafiya

Kowace dabba tana karɓar rabin gadonta daga uwa, rabi daga uba. Wani hali na bayyana ko da daga gefe ɗaya ya zo. Wani kuwa ɓoyayye ne, ba ya fitowa sai ya zo daga gefe biyu. Wani malami mai suna Gregor Mendel ne ya bayyana haka a 1865, bayan gwajin da ya yi da irin waken Turai: in aka haɗa biyu masu ɗauke da ɓoyayyen hali, kusan 1 cikin 4 na ƴaƴansu ne ke nuna shi. Wannan lissafi sai ƴaƴa sun yi yawa yake fitowa, haihuwa ɗaya ba ta isa ba.

Darasi daga masu kiwon mesa

Akwai wata ƙaramar mesa marar dafi, mai dunƙulewa in ta tsorata, da ake fitarwa daga Gana, Togo da Benin zuwa Turai da Amurka, inda ake kiwonta don launinta. Masu kiwon nan ba su yarda da sabon launi sai an gwada. In aka samu zabiya, sai a haɗa ta da mai launin daji. Ƴaƴan farko duk su fito da launin daji, a yi renonsu shekara biyu zuwa uku, sannan a sake haɗawa. Ta haka Bob Clark ya samu zabiyoyin farko na gida a Amurka a 1992, Peter Kahl kuma ya tabbatar da mai dabbare-dabbaren fari a 1997. Amma an ga illa: wani zane mai kama da saƙar gizo yana zuwa da ciwon kaɗa kai. Ke nan kyan launi na iya tahowa da cuta.

Mu da akuyarmu

Mu ma muna da dabbobin da aka sani da launi: jar akuyar Maraɗi da Sakkwato mai fata mai daraja, da tunkiyar Uda mai gaba baƙi ko ja, baya fari. Tun 1963 aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi don kiyaye jar akuya. Dabbobinmu sun fi mesa sauƙin gwaji, tunda cikin akuya da na tunkiya wata biyar ne.

Matakan gwaji

1. A san uban. In bunsurun gari ne ya hau ta a wurin kiwo, gwajin ya lalace. A killace su.
2. A rubuta ranar barbara, ranar haihuwa da launin kowane ɗa, har waɗanda suka mutu. A ɗauki hoto da waya.
3. A jira dabbar ta girma, don launin jariri kan sake.
4. In ƴaƴan farko ba su nuna ba, kada a yanke hukunci sai an ga zuri'a ta biyu.
5. Haɗa ƴan gida ɗaya na raunana zuri'a. In an yi sau ɗaya don gwaji, a kawo namiji daga wani garke.
6. A nuna wa likitan dabbobi. Ƙarancin abinci ko ciwon fata na sauya launin gashi, wannan kuwa ba a gadonsa.

Mai sayarwa ya faɗi abin da ya sani, ya bar abin da yake zato. Kai kuma mai saye, ko kana gida ko kana Legas ko Abijan, ka nemi ganin uwa da uba da ƴaƴa, ka tambayi nono da yawan haihuwa kafin ka biya kuɗin launi.