MGB

MGB ƙaramar mota ce mai gudu, wadda kamfanin MG ya ƙera a garin Abingdon na ƙasar Ingila daga shekarar 1962 zuwa 1980, kuma adadin da aka fitar ya haura rabin miliyan, aka kai da yawa Amurka.

Ko da yake an daɗe da daina ƙera ta, har yau tana da ma'abota waɗanda suka mai da hidimarta sha'awar rayuwarsu, domin haƙiƙa injinta mai lita 1.8 ba shi da sarƙaƙiya, ta yadda mutum mai haƙuri da himma zai iya kwance shi ya mayar a gidansa ba tare da ya nemi bakanike ba. Babbar illarta ita ce tsatsa, wadda ke cin ƙasan jikinta a ɓoye, musamman inda ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu. Saboda haka ne tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ya koma buga sabon jikinta da ainihin kayan aikin farko.

A Ingila ana iya ɗauke wa motar da ta shekara 40 harajin hanya, kuma kowace MGB ta cika wannan sharaɗi.