Labarin Dutsin-Ma da Kurfi

Garin Dutsin-Ma yana kudu da birnin Katsina, tafiyar kamar mil 40. Wanda ya fito daga birni kan hanyar mota, kafin ya isa can sai ya ratsa Kurfi, wadda take wajen tsakiyar hanya. Ƙasar jigawa ce, da duwatsu jefi-jefi. Ana ruwa daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga. Mutanen ƙasar Hausawa ne da Fulani, sana'arsu noma da kiwo.

Bisa ga faɗar tsofaffi, wani maharbi ne mai suna Ma ya fara zama a kan dutsen, mutane suka riƙa cewa za su dutsen Ma, har sunan ya bi garin. A zamanin da kuwa ba a kafa gari sai inda akwai mafaka, don haka dutse ya fi fili daraja.

Da aka yi jihadi, malamai uku suka karɓo tuta domin ƙasar Katsina, watau Ummarun Dallaji da Ummarun Dumyawa da Na Alhaji. Wajen shekara ta 1807 birni ya faɗa hannunsu, Ummarun Dallaji ya zama Sarki. Zuriyar Na Alhaji su ke riƙe da sarautar 'Yandaka, wadda take cikin masu zaɓen Sarki, kuma 'Yandakan Katsina shi ne Hakimin Dutsin-Ma. Hakimin Kurfi kuwa sarautarsa Maradin Katsina. Cikin waɗanda suka riƙe ta akwai Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya yi Sakataren Hukumar Zaɓe ta Tarayya lokacin zaɓen 1979.

Sarakunan Haɓe da aka kora suka koma arewa, suka zauna a Maraɗi, daga can suka yi ta kawo hari ƙasar Katsina shekara da shekaru. Sai bayan zuwan Turawa cikin 1903 hare-haren suka kwanta, mutane suka sauko daga duwatsu, suka fita daga ganuwa, suka yi unguwanni kusa da gonakinsu. Aka tsara gundumomi ƙarƙashin En'e, aka yi hanyoyi, kasuwanni suka cika.

Cikin 1976 Dutsin-Ma ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma, daga baya aka ba Kurfi tata. A ƙidayar 2006 an sami mutum kusan 170,000 a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, a ta Kurfi kuwa wajen 117,000. Ilmi ma ya ƙara jawo baƙi, gama akwai Kwalejin Horon Malamai ta Isa Kaita, sa'an nan cikin 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a garin.

Babban abin da ƙasar ke taƙama da shi shi ne madatsar ruwa ta Zobe, a kan gulbin Karaduwa, kudu da Dutsin-Ma. An gama ta cikin 1983 domin noman rani da ruwan sha, amma ta daɗe ba a ci moriyarta sosai ba. Sai cikin 2021 aka buɗe aikin da zai kai ruwanta garuruwa har birnin Katsina.

To, amma tsohuwar damuwa ta komo. Tun bayan 2010 ɓarayin shanu da 'yan bindiga daga wajen dajin Rugu, yamma da ƙasar, suka addabi ƙauyuka, har wasu manoma suka bar gonakinsu suka taru a gari, kamar yadda kakanninsu suka taru a gindin dutse. Ga ruwa, ga ƙasar noma, ga makarantu, amma duk ba sa amfani sai manomi ya iya kwana a ƙauyensa. Allah Ya zaunar da ƙasar lafiya, amin.