Saitin Bindiga a Barno, Daga Idris Alooma Zuwa Jan Ɗigo

Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma ya kawo 'yan bindiga Turkawa Barno, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta. Bindigogin zamanin cikinsu sumul yake, harsashi ba ya tafiya sak, dole sai an matso kusa. Jikanyarsu ce bindigar toka da ake gani a kafaɗar mafarautan Maiduguri, har unguwanni irin Abbaganaram. Maharbi yakan manna kumatu a gindinta, ya kanne ido ɗaya, ya daidaita bakin ƙarfen da nama.

Manna kumatun nan yana da dalili: ido ya ɗan goce, saiti ya goce.

A 1900, shekarar da Faransawa suka kashe Rabeh a Kusuri, Howard Grubb na Dublin ya ƙera madubin da ke nuna alamar saiti tamkar tana can nesa, ta yadda ko kai ya motsa, alamar ba ta barin abin hari sosai. Kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fito da mai jan ɗigo a 1975. Sai dai a kusa kuskuren saitin yana nan, shi ya sa masu wasa da bindigar ƙwallayen roba, da ke harbi a ɗan taƙi, suke lura da shi.