Gugar katako mai lanƙwasa: ƙa'idojin aikin da haɗarin ƙurarsa

Goge shimfiɗaɗɗen katako abu ne mai sauƙi: a naɗe samfefa a jikin guntun katako, a yi ta gurzawa. Amma ƙafar kujera, hannun gado ko cikin akushi ba sa karɓar wannan dabara, domin abu mai faɗi yana cinye tudu ya tsallake kwari, har ya ɓata siffar da kafinta ya sha wahalar fitarwa. Ƙa'idar ita ce abin gugar ya ɗauki siffar wurin da ake gogewa.

Idan wurin ya lotsa ciki, ana naɗe samfefa a jikin sanda mai kauri daidai da lotsawar. Idan kuwa ya kumburo waje, ana yanka ta tsiri-tsiri, a riƙe bakin biyu a riƙa ja da komowa, sannan a ƙarasa da bin tsawon jijiyar katakon, don gugar da ta gitta jijiya tana barin karce da ke fitowa fili bayan an shafa fenti. Sanya soso a bayan samfefa yana rarraba nauyin hannu, ya hana yatsu barin rami.

Lambar da ke bayan samfefa tana nuna kaushinta: ƙarama ta fi kaushi. Galibi ana farawa da 80, a wuce 120, sai 180, a kammala da 220. Tsallake mataki yana barin karcen da ta gaba ba za ta share ba. Wasu kafintoci kan yi zane da fensir a jikin katakon. Inda zanen ya rage, guga ba ta kai ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Masassaƙa a Afirka ta Yamma sun daɗe suna amfani da ganyen wani dangin ɓaure mai kaushi, Ficus exasperata, wanda ke bin kowace lanƙwasa.

Babban haɗarin yana cikin ƙurar. A 1995, hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta kogon hanci. Tana kuma haddasa asma. Kasancewar guga aiki ne da akan bar wa yara masu koyon sana'a, su ne suka fi buƙatar takunkumi mai tace ƙura da wurin aiki mai wadatar iska.