Daga Alƙalami zuwa Kwamfuta: Tarihin Yaɗuwar Rubutaccen Kiɗan Turai

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Haka shi ma sautin kiɗa yake, da zarar ya fita daga maƙogwaro ko daga tsirkiya, ya tafi ke nan. Al'ummu da dama sun magance wannan matsala ta hanyar hadda, yaro ya bi ubangidansa shekara da shekaru har kiɗan ya zauna masa a ka. Turawa kuwa sai suka ƙara da wata dabara, wato rubuta kiɗan a takarda da wasu alamomi na musamman, ta yadda wanda bai taɓa jin wata waƙa ba zai iya duba takarda ya rera ta daidai. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun irin waɗannan takardu, tun daga zamanin alƙalami da tawada har zuwa fayilolin da masu sha'awar kiɗan gargajiyar Turai ke musaya a kwamfuta. Za a ga cewa a kowane zamani, kiɗan da ya yi tsawon rai shi ne wanda ya sami masu kwafarsa da yawa, kuma aka rubuta shi ta hanyar da kowa zai iya karantawa.

2.0 Samuwar Rubutun Kiɗa

A ƙarni na 7, wani malamin addinin Kirista a ƙasar Sifen, Isidore na Sabiya, ya bayyana cewa sauti yakan salwanta idan ƙwaƙwalwa ba ta riƙe shi ba, domin babu hanyar rubuta shi. Zuwa ƙarni na 9, masu waƙoƙin coci sun fara ɗora wasu 'yan lanƙwashe-lanƙwashe a kan kalmomin waƙa, don tuna wa mai rerawa inda murya za ta hau da inda za ta sauka. Sai dai waɗannan alamomi tuni kawai suke yi wa wanda ya riga ya san waƙar. Baƙo ba zai ƙaru da su ba.

Wanda ake jingina wa warware wannan ƙulli shi ne Guido, wani malamin zuhudu da ya koyar a garin Arezzo na Italiya a farkon ƙarni na 11. Ya tsara layuka a jere, kowane layi da kowane fili tsakanin layuka yana wakiltar sauti guda tabbatacce. Shi da kansa ya rubuta cewa karatun da a da yakan ci wa mawaƙi shekara goma, da sabuwar hanyar ana iya gama shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Labari ya kai kunnen Fafaroma John na 19, wanda ya kira shi birnin Rum don ya gani da idonsa. Layuka biyar da ake amfani da su a yau jikokin layukan Guido ne.

3.0 Zuwan Maɗaba'a

Kusan shekara 500 bayan Guido, duk mai son takardar kiɗa sai ya kwafa da hannu ko ya biya mai kwafa. A 1498 wani mutum mai suna Ottaviano Petrucci ya sami izini daga hukumar birnin Benis na buga kiɗa shi kaɗai har tsawon shekara 20. A 1501 ya fitar da littafinsa na farko, Odhecaton, mai ɗauke da waƙoƙi 96 masu muryoyi da yawa. Aikin na da wuya ƙwarai, domin kowace takarda sai ta shiga injin har sau uku: a buga layuka, a buga alamomin sauti, a buga kalmomi. In aka sami karkata ko kaɗan, sautin ya canza. Daga 1528 Pierre Attaingnant a birnin Faris ya riƙa bugawa a shiga ɗaya, abin da ya sauƙaƙa farashi.

Duk da haka, ɗab'i bai kashe sana'ar kwafa ba. Bugu yana da tsada, kuma mai maɗaba'a ba ya buga abin da ba shi da tabbacin zai sayar. Saboda haka kiɗa mai ɗimbin yawa ya ci gaba da yawo a rubutun hannu har zuwa ƙarni na 19.

4.0 Darasi daga Bach da Allegri

Babu misalin da ya fi na Johann Sebastian Bach, Bajamushen da ya rasu a 1750, fito da wannan al'amari fili. Kaɗan ne daga cikin ayyukansa aka buga yana da rai. Shahararren kundinsa na darussan kayan kiɗa masu madannai, wanda ya kammala kashin farko a 1722, bai ga maɗaba'a ba sai 1801. A tsawon waɗannan shekaru almajiransa ne suka riƙa kwafarsa, su ma nasu almajiran suka kwafa daga gare su. Ta wannan silsila ya isa hannun Neefe a birnin Bon, wanda ya koya wa yaronsa Beethoven shi, har wata mujalla ta ba da labarin ƙwarewar yaron a kansa a 1783. A Biyana kuma, wani basarake mai sha'awar tsohon kiɗa, van Swieten, yana da tarin irin waɗannan takardu, kuma Mozart ya riƙa zuwa gidansa duk ranar Lahadi a 1782 don buga kiɗan Bach da Handel.

Haka nan kakar Felix Mendelssohn ta ba shi kyautar kwafin hannu na babban aikin Bach a kan wahalhalun Almasihu kamar yadda suka zo a Linjilar Matta. Da wannan kwafi ya gabatar da aikin a Balin ranar 11 ga Maris 1829, yana ɗan shekara 20, abin da ya farfaɗo da sunan Bach a idon jama'a. A 1850 aka kafa ƙungiyar buga dukkan ayyukansa, aikin da ya ci rabin ƙarni. Amma ba duka aka samu ba. Bayan rasuwar Bach an raba takardunsa tsakanin magada, babban ɗansa kuma talauci ya sa ya riƙa rabuwa da kasonsa. Waƙoƙin cocinsa kimanin 200 suka tsira, da yawa kuwa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri, sun tafi har abada.

A ɗaya ɓangaren akwai waƙar Miserere ta Gregorio Allegri, wadda mawaƙan fadar Fafaroma suka daɗe suna rowar takardarta. A watan Afrilu na 1770, Mozart yana ɗan shekara 14 ya saurare ta a cocin fadar, ya koma masauki ya rubuta ta da ka, kamar yadda mahaifinsa ya shaida a wata wasiƙa. A 1771 wani Bature ɗan Ingila, Charles Burney, ya buga ta a Landan. Ƙofar da aka rufe ba ta rufu ba.

Ba za a manta ba cewa mai tsara kiɗa shi ma yana da ciki da iyali. A 1773 ƙaramin ɗan Bach, Johann Christian, ya kai wani kamfanin ɗab'i ƙara a Landan kan buga kiɗansa ba da izini ba, kotu kuma ta yanke a 1777 cewa dokar haƙƙin mallaka ta 1710 ta shafi rubutaccen kiɗa. Tun daga nan ake ta ja-in-ja tsakanin haƙƙin mai abu da buƙatar masu son abin.

5.0 Zamanin Kwamfuta

Kwamfuta ta sauya aikin mai kwafa. Manhajar Finale ta fito a Amurka a 1988, Sibelius kuma a Ingila a 1993, aikin wasu tagwaye, Ben da Jonathan Finn. Da irin waɗannan manhajoji mutum zai rubuta kiɗa, ya ji kwamfuta ta buga masa shi nan take, ya ɗaga ko ya sauke muryarsa, ya kuma ware wa kowane makaɗi kasonsa. Sai dai kowace manhaja tana adana aiki da harshenta na sirri. Wanda aka aika wa fayil ɗin Sibelius, in Finale gare shi, sai dai ya zuba ido. Hoton takarda kuwa, ko da yake kowa na iya dubawa ya buga, ba a iya gyara shi ko saurarensa. Tsarin MIDI na 1983 shi ma umarni kawai yake ba na'ura kan wane sauti za ta fitar da tsawonsa, bai damu da yadda takardar za ta kasance ba.

Masu sha'awa ba su zauna ba. A 1996 wasu 'yan ƙasar Holan biyu suka fara LilyPond, manhajar kyauta da ake rubuta kiɗa a cikinta da haruffa na yau da kullum. A 1998 Rafael Ornes ya buɗe taskar CPDL don waƙoƙin ƙungiyoyin mawaƙa waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Michael Good kuma ya ƙirƙiro MusicXML, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2004. Wannan tsari tamkar tafinta yake tsakanin manhajoji, ƙa'idojinsa a bayyane suke ga duk mai son amfani da su.

Babbar taska ita ce IMSLP, wadda wani ɗalibin kiɗa, Edward Guo, ya kafa a 2006, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suna ɗaukar hoton tsofaffin takardu suna zubawa. A watan Oktoba na 2007 kamfanin Universal Edition na Biyana ya aika masa da takardar gargaɗi ta hannun lauyoyi. Tushen rigimar shi ne bambancin dokoki. Taskar tana Kanada, inda a wancan lokaci haƙƙin mallaka ke ƙarewa shekara 50 bayan rasuwar mai shi, alhali a Tarayyar Turai sai 70. Kiɗan Bartók, wanda ya rasu a 1945, ya zama na kowa a Kanada amma yana da mai shi a Ostiriya. Guo ya rufe taskar. A tsakiyar 2008 aka sake buɗe ta tare da gargaɗin dokar ƙasashe a kan fayiloli, tana kuma ɗauke da sunan Petrucci don tunawa da shi. Kanada ita ma ta koma shekara 70 a ƙarshen 2022. Taskar ta tara takardu ɗaruruwan dubbai, waɗanda a da sai mai halin zuwa manyan ɗakunan karatu na Turai ke iya gani.

A 2012 aka ga wani abu da zai faranta ran almajiran Bach. Da gudummawar kuɗin masu sha'awa, aka sake rubuta kiɗansa na Goldberg da manhajar kyauta ta MuseScore, jama'a suka duba suka gyara kurakurai, Kimiko Ishizaka ta buga shi a fiyano, aka saki takarda da sauti ba tare da wani haƙƙin mallaka ba. Daga baya har an fitar da shi a rubutun makafi.

6.0 Fayil Ɗin da Ba Ya Buɗuwa

A watan Agusta na 2024 kamfanin da ke da Finale ya sanar da daina sayar da ita da inganta ta, bayan shekara 35. Dubban makaɗa, malamai da kamfanonin ɗab'i suka wayi gari aikinsu na shekaru yana cikin fayilolin da manhaja guda ce ke karanta su sosai, ita kuma ba za ta ci gaba da tafiya da sababbin kwamfutoci har abada ba. Shawarar da aka ba su ita ce su juyar da ayyukansu zuwa MusicXML tun da sauran dama. Abin lura a nan shi ne, littafin Petrucci na 1501 har yau masani na iya buɗe shi ya karanta, amma fayil ɗin da aka rubuta shekara 30 da suka wuce yana iya gagarar wanda ya rubuta shi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tun daga layukan Guido har zuwa fayilolin kwamfuta, abu biyu ne suka riƙe rubutaccen kiɗan Turai: tsarin rubutu da kowa ke iya koyo, da kuma yawan hannayen da suka kwafa. Inda ɗayansu ya rasa, kamar waƙoƙin Bach masu kwafi guda, asara ta biyo baya. Haƙƙin mai tsara kiɗa wajibi ne a kiyaye shi muddin wa'adinsa bai cika ba. Bayan haka, mai riƙe da irin wannan amana a kwamfuta ya kamata ya adana ta a tsarin da yake buɗe, ya buga ta a takarda, ya kuma ba wasu su kwafa. Almajiran Bach ba su san Beethoven zai zo ba lokacin da suke ta faman aiki da alƙalami, amma saboda ƙoƙarinsu ya tarar da abin karantawa.